Jiƙaƙƙen Kafet a Gefen Baba Tela

Ina da wani hali da matata ta gaji da yi mini faɗa a kansa: in na shiga motar mutane sai na shinshina. Ba don wulaƙanci ba, hanci ne Allah ya ba ni wanda ya fi ƙwaƙwalwata saurin aiki. Ranar da maƙwabcina Injiniya ya rage mini hanya a a-kori-kurarsa, yana dawo da mahaifinsa daga asibiti, na matsu a tsakaninsu, na ja iska sau biyu na ce, "Kai, wani abu na ɗan tashi a motar nan." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na sauka a bakin layi na kama gabana, na bar tsoho da maganar.

Baba Tela ake ce wa tsohon. Ido ya raba shi da keken ɗinki, amma bai raba shi da farar riga mai karin guga ba. Sati biyu-biyu ɗansa ke kai shi awon hawan jini. Ɗan mai gyaran famfo ne, unguwa ce ta ba shi Injiniya, shi kuwa bai mayar ba. In shi kaɗai yake tuƙi, gilashi a sauke yake tafiya, ya ce esi, na'urar sanyin mota, shan mai gare shi kamar raƙumi ya samu rijiya. Amma likita ya ce zafi ba ya yi wa tsohon kyau, don haka ranar asibiti kaɗai ake ɗaga gilashi a kunna sanyi. Baba Tela na son ranar. Har gyangyaɗi yake yi a hanya.

Da suka tsaya a ƙofar gida, surukar tsohon, Maman Biyu matar Injiniya, ta zo ɗaukar ledar magani da ke ƙasan kujera. Ta ɗago ta tana ɗiga. Ta dubi kafet, ya yi sharkaf. Ta dubi gefen rigar tsohon, shi ma ya jiƙe har idon sawu. Ta riƙe ledar da yatsa biyu ta yi ciki.

Ɗakin Baba Tela na jikin kicin, bangon kuwa ba shi da kaurin riƙe sirri.

"Baban Biyu, ka ga abin da na gani?"

"Wataƙila ruwa ne ya zube."

"Wane ruwa? Ka ga gora a hannunsa? Ba kai ka ce maƙwabci ma ya ji wari ba? Ruwa ba ya tsami banza. Kuma wannan ƙwayar da suke ba shi, ai rubuce yake a jikin kwalin, tana sa fitsari."

Baba Tela ya miƙe a hankali ya tura ƙofa. Ya cire wandonsa ya kai bakin taga, ya duba shi kamar yadda yake duba ɗinkin da aka dawo masa da shi. Sama a bushe ƙayau. Ƙafafun ne kawai suka jiƙe. Ya shinshina, ya ji ɗan bashi-bashi irin na tsumman da ya kwana a bokiti. Ya mai da wandonsa ya zauna yana jiran a zo a tambaye shi. Ba wanda ya zo.

Da sati biyu ya zagayo, ya tarar an shimfiɗa baƙar leda a kujerarsa.

"Ta mece ce wannan?"

"Ƙura ce ta yi yawa, Baba," in ji Injiniya, yana gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Wannan karon tsohon bai yi gyangyaɗi ba. Ya kafa wa jikinsa ido tun daga gida har asibiti, kamar mai gadin da aka taɓa yi wa sata. A hanyar dawowa, suna shan kwana, ya ji sanyi ya taɓa yatsun ƙafarsa. Ya ɗaga ƙafa. Ya saci kallon ɗansa, ya ga ɗan ma shi yake satar kallo.

A gida ya yi ta maza ya buɗe baki.

"Ɗiyata, abin nan fa sanyi gare shi ƙarara. Kin taɓa jin wanda nasa ya fito da sanyi?"

"Ai esi ne ya sanyaya shi, Baba."

"Ledar da kuka shimfiɗa fa? Ga ta nan a bushe."

"Leda ai ba ta riƙe ruwa, gangarewa yake. Kada ka damu, Baba, tsufa ba ya sallama. Kakata ma haka ta yi, ita ma har ta koma ga Allah cewa take ba ita ba ce."

Daga nan aka shiga tsarin ruwa. Ranar asibiti ba shayi, ba ruwa, sai an dawo. Sauran ranaku ana ɗauke masa kofi da la'asar. Gorar da ke gefen katifarsa ta ɓace, katifar kanta aka sa mata leda, duk juyin da ya yi sai ta ba da labari. Maman Biyu ba ta ɗaga masa murya ko sau ɗaya ba. Komai cikin ladabi take yi, tana durƙusawa.

Baba Tela ya fara lissafin masu laifi. Da farko ya zargi jikokinsa tagwaye, ya ce ko wasan jika da kaka ne ya wuce gona da iri. Sai ya tuna suna makaranta a lokacin. Ya zargi surukar: tun bara take cewa ɗakin nan da ya yi kyau da ajiyar kaya, ga shi jikin kicin. Amma ba ta shiga motar, ta yaya za ta zuba ruwa a tsakiyar titi? Ya zargi ɗansa, zuciyarsa ta ƙi. Da ya rasa wanda zai kama, sai ya koma kan wanda ke kusa, wato shi kansa. Mutumin da ba ya iya ganin kafar allura, me zai hana wani wajen ma ya daina ba shi labari? Ya riƙa kai hannu yana taɓa wandonsa, a zaune, a tsaye, a tsakiyar magana. Surukar ta lura da hannun, ta ƙara shi cikin hujja.

Tafiya ta uku, ya fita da maƙogwaro a bushe kamar soso. Ƙwayar ma bai sha ba, ya tura ta ƙarƙashin matashi. Suka dawo kafet na ninkaya.

Injiniya ya kashe mota, ya daɗe riƙe da sitiyari.

"Baba, ba abin kunya ba ne. Lalura ce."

"Kai, ni na wanke maka naka. Na san yadda abin yake."

"Na sani, Baba. Amma ka ga motar nan ita ce ofis ɗina. Masu ba ni aiki nake ɗauka a gaban nan. In mutum ya shiga ya ji... Baya ma ta fi iska. Zan sa maka tabarma da matashi."

Haka Baba Tela ya koma bayan a-kori-kura, tsakanin fayif-fayif da akwatin sufana, farar rigarsa na kwasar tsatsa. An kuma sayo masa ƙunzugun manya, surukar ta ajiye a bakin ƙofarsa a cikin leda mai duhu, ta ce, "Ga saƙo, Baba." Ya ƙi sawa kwana biyu. A na uku aka ce in bai sa ba motar ba za ta tashi ba.

Tunda ba shi a gaba, ba a ƙara kunna esi ba. Kafet ya bushe ƙamas.

"To, gani ya kori ji," in ji Maman Biyu.

Wannan hujjar ta fi ƙarfinsa, shi ma ya sani.

Magana ta fita, da yake magana ba ta da ƙofa. Surukar ba tsegumi ta yi ba, shawara ta nema, a gida huɗu. Wata ta kawo saiwa, wata ta ce a rage masa gishiri. A masallaci, inda shekara da shekaru yake tsayawa daidai bayan liman, sai ya ga na damansa na tattare riga. Bayan sallar azahar liman ya ja shi gefe, ya rage murya, ya karanta masa hukuncin mai yoyon fitsari: alwala sabuwa kowace salla, kuma addini sauƙi ne. Baba Tela ya yi godiya. Washegari ya tsaya a ƙarshen sahu, kusa da takalma. Bayan sati guda ya ce ƙafa na damunsa, ya koma yi a ɗaki.

Ƙwayoyin ƙarƙashin matashi suka yi yawa. Kansa ya riƙa sarawa, in ya miƙe sai ɗaki ya juya. Fitsarin gaskiya, wanda yake yi a bayi kamar kowa, ya koma kaɗan, ja, mai zafi. Likita ya ga awo ya haura, ya tambaya ko yana shan ruwa sosai. Injiniya ya riga shi amsawa: "Yana sha, likita." Likita ya ƙara ƙwaya.

Wata huɗu ana haka. Ran nan, cikin tsakiyar zafi, suna fitowa daga asibiti aka kira Injiniya a waya. Wani Alhaji ne mai gina gidan sama, yana so a je a duba aikin famfo yanzu-yanzu, direbansa kuma bai zo ba. Suka biya suka ɗauke shi. Baba Tela na baya, rana na dukan tsakiyar kansa, ya ga an ɗaga gilashi. Ta tagar baya yana hango ƙeyar Alhajin ta jingina, tana shan sanyin da a da nasa ne.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa, suka sha babbar kwana. Sai ya ga Alhajin ya zabura, ya ɗaga ƙafafu biyu sama, yana leƙen ƙasa. Baba Tela ya san wannan ɗaga ƙafar. Ya matso ya manna fuska a gilashi. Alhajin ya cire takalminsa mai sheƙi yana zazzage shi, bakinsa na motsi da sauri. Injiniya na ba da haƙuri da hannu ɗaya. Sau ɗaya idonsa ya hau madubi, ya haɗu da na ubansa, ya sauka.

Aikin gidan sama dai ba a duba shi ba ranar. Alhaji ya sauka a bakin hanya ya tari tasi. Injiniya ya juya kan mota sai garejin wani mai gyaran esi da ake kira Mai Sanyi, mutum ne siriri mai furfura a gemu, yana zaune a inuwar rumfa tsakanin tukwanen gas.

"Injiniya, yau famfon ne ya fashe a mota?"

"Bar wasa. Ina jin ruwan lagireto ne ke shigowa ciki."

Baba Tela ya sauko da kyar, ya ƙi bencin da aka nuna masa, ya tsaya jikin ƙofar motar. Mai Sanyi ya dangwali kafet ya murza a yatsa, ya kai hanci.

"Na lagireto kala gare shi, da santsi, da ɗan zaƙi-zaƙi. Wannan fari ne tas." Ya buɗe bonet ya leƙa tankin ruwan sanyaya inji. "Lagiretonka ma a cike yake. Ta da ita, ka kunna esi har ƙarshe."

Ya ɗaura geji biyu na awon gas a jikin bututun esin, allurai suka tashi suka tsaya. Ya kasa kunne, kwamfuresa ta kama da ɗan ƙaras. Ya sa tafin hannu a bakin iska.

"Gas lafiya, kwamfuresa lafiya, sanyi kamar ƙanƙara. Da wani ne sai ya ce a ƙara gas, ka biya ka tafi da matsalarka." Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe. "Zo ka gani. Me ka gani a ƙasa?"

"Ba komai."

"To shi ne ciwon. Duk motar da esinta ke aiki, dole ka ga tana ɗiga a ƙasa. Akwai wani akwati a bayan dashbod, nan sanyin ke haɗuwa, yana gumi kamar gorar ruwan sanyi. Gumin na taruwa a ɗan faranti, wani guntun tiyo ya fitar da shi waje. In tiyon ya toshe, faranti ya cika, ina ruwa zai je? Kai ne mai famfo, ka faɗa mini."

Injiniya ya tsuguna ya sake leƙa busasshiyar ƙasar.

Mai Sanyi ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da guntuwar waya a hannu. Ana jin shi yana ƙwaƙula, yana tsaki. Can sai ya yi salati, ruwa ya ɓarke shaa, ya fito yana share fuska da hannun riga. A tafinsa akwai wani ɗan curin jar ƙasa, dogo kamar yatsa, da rami a tsakiya.

"Ga maigidan. Zanzaro ne ya yi gini a bakin tiyon. Ba ka kunna esi sosai, ko? Ya samu wuri a bushe, ba haya, ya tare da iyalinsa."

Ya hura tiyon da iskar inji, ya zaro matatar iska daga bayan akwatin dashbod, ta yi baƙi da fumfuna. Ya kaɗa ta a gaban hancin Injiniya. "Ga warin da kuke sha." Ya sa sabuwa, ya kwance kafet ya jefa a bayan mota, ya ce a shanya shi kwana biyu a rana. Da aka sake kunnawa, ruwa ya riƙa ɗiga a ƙasa ɗis, ɗis, a inda ya kamata.

Sai a lokacin Baba Tela ya yi magana.

"Malam, wannan ginin, zai kai wata nawa?"

"Yadda ya bushe ɗin nan? Ya fi wata biyar, Baba."

"Kuma ko wa ya zauna a kujerar, ruwan zai zubo?"

"Ko buhun siminti ka ɗora, in dai an kunna esi." Mai Sanyi ya yi dariya. "Me ya faru, an ce kai ka zubar da shayi?"

Ba wanda ya taya shi dariyar. Ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya koma naɗe tiyon gejinsa.

"Ba ni shi," in ji Baba Tela. Ya karɓi curin ƙasar, ya naɗe a hankicinsa ya sa a aljihu. Sannan ya nemi ruwa. Aka ba shi gora guda, ya shanye a tsaye, ya nemi ta biyu.

A gaba ya zauna da za su koma, ƙafarsa a kan tsurar ƙarfe. Sanyi na busa shi. Bayan sun wuce mararraba biyu, Injiniya ya kira shi.

"Baba."

"Ina jin ka."

"Alhamdu lillahi, tunda gaskiya ta fito. Amma da za ka bi shawarata, da mun bar ta a nan."

"A ina?"

"Ka ga, ita Maman Biyu ba da mugunta ta yi ba, kulawa ce. In yanzu aka ce ba haka ba ne, gidajen da ta je, da wane ido za ta dube su? Cewa za a yi ta yi wa surukinta ƙazafi. Ni kuma, a ji cewa tiyo ya toshe a motata wata biyar ban gane ba, wa zai sake kira na gyaran famfo? A hankali za mu janye komai. Sai a ce ka samu sauƙi."

"Sauƙin me?"

"Baba, don Allah."

"Na ce sauƙin me? Cutar da ban yi ba?"

Injiniya ya ƙara wa rediyo murya.

Maman Biyu na tsakar gida tana kwashe shanya, ta ga tsohon ya fito ta ƙofar gaba. Ta dubi mijinta. Ta hango kafet a baya, jiƙe, yana ɗiga.

"Au, Baban Biyu, ka mai da shi gaba? To ga shi nan ai."

"Ɗiyata, ajiye kayan nan ki zo." Rabon da a ji muryar Baba Tela haka an daɗe. "Zo ki ga mai fitsarin."

Ya zaro hankicin, ya buɗe a gabanta. Zaman mota da ƙugun tsoho sun gama da ginin zanzaro. Abin da ke ciki garin jar ƙasa ne, cikin cokali guda, da 'yan ɓarɓashi.

Ta leƙa. Ta ɗago.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Gidan zanzaro ne. Shi ya shiga motar ya toshe, shi ke zubo ruwan. Har Alhaji ya jiƙa. Kai, faɗa mata."

Injiniya na can yana sauke fayif ɗaya-ɗaya, yana jera su a jikin bango da kulawa, kamar za su fashe.

"Kai! Da kai nake."

"An dai duba motar," in ji shi, bai juyo ba. "Baba, shiga ka huta, ka sha rana yau."

Maman Biyu ta karɓi hankicin a hankali, ta kakkaɓe shi a bakin magudana, ta ninke ta miƙa masa da hannu biyu.

"Haka ne, Baba. Zanzaro ne. Shiga ka kwanta."

Ya tsaya da hankici a hannu, har suka shige kicin. Bangon nan dai bai ƙara kauri ba.

"Inna lillahi. Baban Biyu, abin ya taɓa sama. Ƙasa fa yake tarawa a aljihu, yana cewa ƙwaro ne ke yi. Haka kakata ta fara."

Baba Tela ya kasa kunne, ya riƙe numfashi, yana jiran muryar ɗansa. Ya ji an buɗe famfo, ya ji an rufe. Ya ji an ja kujera.

Ran Talata aka yankar masa kati a wajen likitan ƙwaƙwalwa.